Littafin Kuɗin Ɗan Takara: Yadda Muka Riƙe Lissafin Kamfen a Shiyyar Daura

Littafi ne mai kaurin bango, irin wanda 'yan kasuwa ke rubuta bashi a ciki. Na sa rula na raba kowane shafi gida shida: kwanan wata, sunan wanda ya bayar ko ya karɓa, dalili, abin da ya shigo, abin da ya fita, sai lambar rasit. Da shi na riƙe lissafin kuɗin wani ɗan takarar Majalisar Dokokin Jihar Katsina a ɗaya daga ƙananan hukumomi 12 na shiyyar Daura, tun daga sayen fom a 2022 har ranar da muka miƙa wa jam'iyya rahotonmu bayan zaɓen 18 ga Maris, 2023. Ana yawan cewa kuɗin siyasa ba ya lissaftuwa. Yana lissaftuwa, sai dai akwai wanda yake da rasit da wanda ba zai taɓa samun rasit ba, kuma duk maganar gyara a tsakanin waɗannan biyu take.

Mafarin aikin ma'aji a lokacin shi ne sashe na 88 na Dokar Zaɓe ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairu, 2022, kuma da ita aka yi wancan zaɓe. Ta yanke iyakar abin da ɗan takara zai kashe: shugaban ƙasa naira biliyan 5, gwamna biliyan 1, sanata miliyan 100, ɗan Majalisar Wakilai miliyan 70, ɗan majalisar jiha miliyan 30. A dokar 2010, miliyan 10 ce iyakar kujerarmu. Sashen ya kuma ce kada mutum ɗaya ya ba ɗan takara gudummawar da ta wuce miliyan 50, alhali a da miliyan 1 ce.

A duba lambobin nan biyu da kyau. A waccan dokar an yarda ɗan takarar majalisar jiha ya kashe miliyan 30, an kuma yarda mutum guda ya ba shi har miliyan 50. Wato attajiri ɗaya zai iya ɗauke nauyin takarar baki ɗaya, daga fom har lemon ranar zaɓe, ba tare da ya taka doka ba. Wanda kuwa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da aka zo rabon aikin mazaɓa, ko aka zo ƙuri'a a zauren majalisa kan abin da ya shafi mai kuɗin, kowa ya san muryar wa za a ji. Saboda haka tun zaman farko muka yanke wa kanmu ƙa'idar da ta fi ta doka tsauri, cewa kason mutum ɗaya ba zai wuce kashi ɗaya cikin biyar na kasafinmu ba. Riƙe wannan ƙa'ida ya yi wuya ƙwarai a watan Fabrairu, lokacin da aljihu ya bushe.

Abu na farko da za a yi, kafin a buga fosta ko ɗaya, shi ne buɗe asusun banki na daban, mai sa hannun mutum biyu. Yawancin 'yan takara da asusunsu na kansu suke aiki, kuma daga nan lissafi yake lalacewa. Cefanen gida da kuɗin makarantar yara da kuɗin hayar lasifika duk sai su fito daga rijiya ɗaya, bayan wata shida babu mai iya raba su, har shi mai asusun. Da asusu na daban, takardar shige da ficen kuɗi da banki ke bayarwa duk ƙarshen wata ita ce shaidarka ta biyu, kana gwada ta da littafinka layi bayan layi.

Gudummawa kuma kala-kala ce, kowace da tarkonta. Duk wanda ya kawo kuɗi muna rubuta cikakken sunansa da unguwarsa, mu yanka masa rasit mai lamba. Sashe na 90 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya hana jam'iyya karɓar gudummawar da ba a san mai ita ba, ya kuma wajabta rubuta suna da adireshin wanda ya ba da abin da ya haura miliyan 1. Mu ko dubu biyar ce muna rubutawa, domin in ka fara zaɓen wanda za ka rubuta, ƙarshenta ba za ka rubuta kowa ba. Tsabar kuɗi mai yawa ba ma karɓa a hannu. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar da ta wuce miliyan 5 in ba ta banki ba, don haka wanda ya zo da jaka sai a raka shi banki ya zuba da sunansa.

Akwai wani dattijo ɗan kasuwar hatsi da ya zo ofis bayan la'asar, ya zaro cekin banki daga aljihun babbar riga ya ajiye a kan tebur. Na duba na ga sunan kamfani a sama.

"Alhaji, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara arziki. Sai dai wannan na kamfani ne. Da za ka taimaka ka turo daga asusunka na kanka."

"Malam, kamfanin ai nawa ne ni kaɗai. Mene ne bambancin?"

"Ranka ya daɗe, a idonmu babu. A idon doka akwai."

Ransa bai so ba, amma ya turo washegari. Dalili shi ne dokar kamfanoni ta 2020, a sashe na 43, ta hana kamfani ba da kuɗinsa ko kadararsa ga jam'iyya ko don wata manufar siyasa, kuma sashe na 221 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce babu wata ƙungiya in ba jam'iyya ba da za ta zuba kuɗi a takarar wani. Wannan ya haɗa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi da suke son yin karo-karo da sunan ƙungiya. Sai mu ce kowa ya bayar da sunansa. Kuɗin waje ma haka. Sashe na 225 na Kundin ya hana jam'iyya riƙe kuɗin da aka aiko daga wajen Nijeriya, ya ce a miƙa shi ga INEC cikin kwana 21. A kan jam'iyya aka rubuta hanin, amma a wurin da Kwangwalam, garin kan iyakar Nijar, ke nan kusa, kuma kusan kowane gida yana da dangi a Nijar, mun ga gara mu nesanta da shi gaba ɗaya.

Gudummawar da aka fi mantawa ita ce wadda ba kuɗi ba. Wani ya ba da aron mota ta wata biyar, wani ya ba da shago a yi ofis, wani ya kawo buhunan shinkafa na abincin taro. Doka ta ce rahoto ya nuna darajar irin waɗannan a farashin kasuwa. Yadda muke yi shi ne a tambayi mutum biyu masu wannan sana'a nawa suke bayar da haya ko sayarwa, a ɗauki tsakiya, a rubuta a shafin shiga a kuma rubuta a shafin fita. In ba a yi haka a ranar ba, ba za a tuna ba.

Sai fom da zaɓen fid da gwani, inda kuɗi ya fi ƙonewa cikin ɗan lokaci. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin majalisar jiha naira miliyan 2, na gwamna miliyan 50, na shugaban ƙasa miliyan 100. PDP ta sayar da na majalisar jiha dubu 600, na gwamna miliyan 21, na shugaban ƙasa miliyan 40. A lokacin mafi ƙarancin albashi dubu 30 ne, ke nan fom ɗin miliyan 2 ya kai albashin ƙaramin ma'aikaci na fiye da shekara biyar, ba ci ba sha. Malamin firamare ko ma'aikaciyar asibiti da jama'a suka yarda da su, a bakin wannan ƙofa suke tsayawa, sai in wani ya saya musu.

INEC ta buɗe zaɓukan fid da gwani daga 4 ga Afrilu zuwa 3 ga Yuni, daga baya ta ƙara zuwa 9 ga Yuni. Sashe na 84 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya bar daliget da aka zaɓa musamman don wannan aiki kaɗai, bai sa masu riƙe da muƙamai da a da suke shiga kai tsaye ba. Majalisar Tarayya ta yi gyara a watan Mayu, ba a sa hannu ba. Abin da ya biyo baya shi ne masu zaɓen sun zama kaɗan. Jihar Katsina na da gundumomi 361 a ƙananan hukumomi 34, kusan goma ko sha ɗaya ke nan kowace. Jam'iyyar da ke ɗaukar daliget uku a gunduma, mutum talatin da 'yan kai ne za su yanke wanda zai riƙe mata tuta, mai ɗaukar biyar kuma hamsin da 'yan kai. Idan masu saye suna da yawa, kaya kuwa kaɗan, kowane ɗan kasuwa ya san abin da farashi zai yi. Ga shi lokacin ya faɗo cikin azumi da ƙaramar salla, sai rabon gero da sukari da yadin salla ya cakuɗe da neman goyon baya har ba a iya tantance sadaka daga toshiya. A littafinmu abin da ya shiga shi ne kuɗin fom, kuɗin rantsuwar kotu da takardun da ake haɗawa da fom EC9 na bayanan ɗan takara, man zagayen gundumomi, da abinci da kuɗin motar daliget ranar taro, kowa daidai da na ɗan'uwansa, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Na ware musu shafuka na daban, domin sashe na 89 yana fara ƙirga kuɗin zaɓen jam'iyya ne daga ranar da INEC ta fitar da sanarwar zaɓe, wato 28 ga Fabrairu, 2022, ba daga ranar ɗaga tuta ba.

Daga Yuni zuwa 12 ga Oktoba, ranar da aka buɗe yaƙin neman zaɓen gwamnoni da 'yan majalisar jiha, doka ta hana kamfen a fili. Ƙofar gidan ɗan takara kuwa ba ta rufuwa. Suna, ɗaurin aure, ta'aziyya, takardar magani, kuɗin jarrabawa, rufin masallacin da iska ta yaye. Wannan hidima ce da al'adarmu ta sani tun kafin siyasa, ba na kuma ganin laifin mai buƙata. Amma na ƙi yarda ta fita daga asusun kamfen. Abin da ɗan takara zai yi na zumunci ya yi daga aljihunsa, a matsayinsa na ɗan gari. Ranar da aka fara biyan kuɗin asibiti daga asusun zaɓe, an mai da ciwon mutum ƙuri'a.

Kasafin kamfen na gaskiya ba shi da wani sirri. Mai shi ne babba. A ɗauka motoci huɗu ne, kowace tana shan lita 40 a fita ɗaya, ana fita sau uku a mako, tsawon mako 22. Lita 10,560 ke nan. In lita tana naira 200, an tashi a miliyan 2 da dubu ɗari da ɗoriya. In ta kai 350 a hannun 'yan bumburutu, an doshi miliyan 3 da dubu 700. A daidai wannan lokaci ƙasar ta shiga ƙarancin mai, mu kuma a nan muna da ƙarin namu: umarnin da aka bayar tun Nuwamba 2019 na hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, wanda ya taɓa garuruwan bakin boda irin na Mai'adua da Zango da Baure. Dole mota ta cika tanki a cikin gari kafin ta nufi ƙauyukan arewa. Kada a taɓa ba direba tsabar kuɗin mai. Mun yi yarjejeniya da gidan mai guda, muka buga tikiti mai lamba da takardar kabon a ƙasa, ana rubuta lambar mota da yawan lita. Duk Juma'a sai a haɗa namu da nasu a biya ta banki. Makon farko da aka fara wannan, abin da ake sha ya ragu a fili, zirga-zirgar kuwa ba ta ragu ba.

Fosta kada a buga ta gaba ɗaya. Wadda aka liƙa yau, jibi an yage ta ko an liƙa wata a kanta, kuma masu liƙawa in sun ga tuli sai rabi ya ƙare a wurin masu ƙosai da tsire. A buga kashi uku: na buɗe kamfen, na tsakiya, sai na makon ƙarshe wanda alamar jam'iyya ce za ta fi girma a kansa, domin a takardar ƙuri'a babu hoton ɗan takara, alama kawai mai zaɓe zai gani. Rediyo kuwa ya fi fosta kai wa ƙauye. Sashe na 95 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya ce kafafen gwamnati su raba lokaci daidai tsakanin jam'iyyu, amma da sharaɗin biyan kuɗin da aka yanka, don haka daidaiton na mai iya biya ne. A karɓi rasit daga ofishin tashar, ba daga hannun mai gabatar da shiri ba. Sojojin baka da mawaƙa su ma a rubuta yarjejeniya da su, ko da layi uku ne.

Babban gangami ya fi komai cin kuɗi, ya kuma fi komai ƙarancin amfani: rumfuna, kujeru, janareta, motocin kwaso jama'a, sallama, ga fargabar ƙauraye su shigo a yi rauni a koma biyan asibiti. Zaman gunduma da mutum hamsin a ƙofar gidan mai unguwa, da tabarmi da ruwa da goro, ya fi shi tasiri nesa ba kusa ba.

Ana cikin haka canjin kuɗi ya sauko. Ranar 26 ga Oktoba, 2022, Babban Bankin Nijeriya ya sanar da sauya fasalin takardun 200 da 500 da 1,000. Sababbin sun fara fita 15 ga Disamba, aka sa wa'adin tsofaffin 31 ga Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. An kuma ƙayyade cire tsaba a mako, dubu 500 ga mutum, miliyan 5 ga kamfani, amma ko kusa da haka ba a samu a kan kanta. Sai 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara, kuma an ɗauki kwanaki kafin 'yan kasuwa su yarda su karɓa. A kasuwannin kan iyaka har da sefa aka koma ciniki. Ga ma'aji abin ya zo da fuska biyu. Masu POS sun tsauwala caji, taransifa tana maƙalewa kwana biyu, mai shayi da mai hayar kujeru suna tsaye suna jiran alat. Kowane caji sai da na buɗe masa layinsa, domin in an tara shi kuɗi ne mai kauri. Amma kuma a duk tsawon aikin babu watannin da lissafi ya fita tsaf kamar Fabrairu da Maris, saboda kusan komai ta banki ya bi, da suna da lokaci. Masu sayen ƙuri'a su ma ba su zauna ba, sun koma atamfa da taliya da sabulu da tura kuɗi ta waya.

Wakilan akwati su ne kashin bayan ranar zaɓe, a nan ne kuma nake roƙon duk mai takara kada ya yi ƙwauro. INEC ta ƙara rumfunan zaɓe a 2021 suka kai 176,846 a ƙasa, Katsina na da 6,652, kusan 200 ke nan a kowace mazaɓar majalisar jiha in an raba daidai. Sashe na 43 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya ba kowace jam'iyya damar sa wakili ɗaya a kowace rumfa da kowace cibiyar tattara sakamako, da sunansa da hotonsa, kuma a 2023 ta shafin intanet na INEC aka ɗora su tun makonni kafin zaɓe. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cika sunaye don a cike gurbi, ranar zaɓe a tarar mai katin wuyan ya tafi cin rani, wanda ya zo a madadinsa kuma a hana shi tsayawa. A zaɓi wanda yake da rajista a wannan rumfa, ya iya karatu da lissafi, yana da waya mai ɗaukar hoto. Wani abin kuma, wakilin na jam'iyya ne ba na ɗan takara ba, zaɓen gwamna da na majalisa kuwa rana ɗaya ne. In ba a zauna tun da wuri an rubuta wanda zai biya me ba, kowane ɓangare sai ya zuba wa ɗayan ido, wakili ya wuni da yunwa, mai yunwa kuma ba ya gardama a wurin ƙirga.

Lissafin mai sauƙi ne: wakili 200 a kan dubu 10 miliyan 2 ne, ban da abinci da data da na wakilan tattara sakamako. Mun raba biyan gida biyu, rabi da daddare kafin zaɓe, rabi bayan ya kawo kwafin EC8A, takardar sakamakon rumfa, mai sa hannu da hatimi. Wannan tsari shi ya sa takardunmu suka dawo kusan duka. Abin da ba mu shirya masa ba shi ne ɗagewa. Ranar 8 ga Maris INEC ta mai da zaɓen daga 11 zuwa 18 ga wata don sake saita na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS, aka kuma buɗe kamfen har daren 16. Mako guda na mai da rediyo da abinci ya ƙaru a kan kasafin da an riga an tatse. Duk mai tsara kasafi ya ɓoye kashi goma cikin ɗari, kada ya taɓa shi sai irin wannan rana.

Daren jajibiri, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ina zaune da jerin sunayen wakilai ina turawa ɗaya bayan ɗaya, shugabar mata ta wata gunduma ta shigo, mayafinta duk ƙura.

"Ma'aji, matan akwatina sun ce ɗaya ɓangaren an kai musu turmi da taliya. Ni me zan ce musu gobe?"

"Hajiya, abin da ke hannuna na wakilai ne da abincinsu. Wancan ba ni da layin da zan rubuta shi."

Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Ni ce zan kalli idonsu, ba kai ba." Gaskiya ta faɗa. Ba kwaɗayi ya kawo ta ba. Mata ne da ba su ga tsabar dubu ɗaya a hannunsu ba tsawon makonni, azumi kuma saura kwana biyar bayan zaɓe. Sashe na 121 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya sa tarar da ba ta wuce dubu 500 ba ko ɗaurin wata 12 ga mai bayarwa da mai karɓa, INEC ta hana shiga wurin dangwala da waya, jami'an EFCC sun fita wasu rumfuna. Duk da haka wannan kuɗi yana yawo, kuma ba ta hannun ma'aji yake bi ba. Magoya baya ne da iyayen gida ke kashewa da sunan ɗan takara, wani lokaci ma bai sani ba. Littafina ya rufe ƙasa da miliyan 30, kuma duk abin da ke ciki zan iya rantsuwa a kansa. Ba zan iya rantsuwa cewa shi ne duk abin da aka kashe a mazaɓar ba, kuma ban san ma'ajin da zai iya ba.

Bayan zaɓe akwai wa'adi biyu, dukansu a wuyan jam'iyya dokar 2022 ta ɗora su. Cikin wata uku da bayyana sakamako ta miƙa wa INEC rahoton waɗanda suka ba da gudummawa. Cikin wata shida da zaɓe ta miƙa rahoton abin da aka kashe, wanda odita ya bincika ya sa hannu, shugaban jam'iyya ya sa nasa, a haɗa da takardar rantsuwa, a kuma buga a jaridun ƙasa aƙalla biyu. Namu aikin shi ne mu tattara basussukan da suka rage na mai ɗab'i da gidan mai, mu gwada littafi da takardun banki, mu jera rasit bisa lamba, mu kai wa akanta mai lasisi ya duba, sannan mu miƙa wa jam'iyya mu karɓi shaidar karɓa. Ya ci mana mako uku. Daga ranar har yau babu wanda ya kira ya yi tambaya a kan layi ɗaya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A dokar 2022, ɗan takarar da ya wuce iyaka da saninsa, tararsa kashi 1 cikin 100 ne na iyakar, ko ɗaurin da bai wuce wata 12 ba. A kujerarmu dubu 300 ke nan, kuɗin da bai kai na man mako biyu a farashin 'yan bumburutu ba. Akantan da ya taimaka aka yi ƙarya a takarda kuwa, miliyan 3 ko shekara uku. Jam'iyyar da ta ƙi miƙa rahoto, tarar ba ta wuce miliyan 1 ba, sai dubu 200 a kowace ranar jinkiri in kotu ta ga dama. Gurfanarwa kuma an bar wa INEC, hukumar da ke fama da shirya zaɓe da ɗaruruwan ƙararraki. Kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, wanda marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2007 ya kuma miƙa rahoto a Disamba 2008, ya ba da shawarar a kafa hukuma ta musamman mai hukunta laifukan zaɓe. An yi zaɓen 2023 babu ita.

Masu cewa gwamnati ta riƙa ba jam'iyyu kuɗi don a rage ƙarfin attajirai, ina tare da su a niyya, amma mun taɓa gwadawa. Gwamnatin Janar Babangida ta kafa SDP da NRC a 1989, ta gina musu ofisoshi ta ɗauki nauyinsu, kuɗi bai fasa sayen daliget ba. Sashe na 228 na Kundin Tsarin Mulki ya ba Majalisar Tarayya damar ware tallafin shekara-shekara ta hannun INEC. A dokar 2006, kashi 10 ake raba wa dukkan jam'iyyu daidai, kashi 90 bisa yawan kujerun Majalisar Tarayya. Manya suka ƙara ƙiba, wasu kuma suka yi rajistar jam'iyyar da ba ta da ko kansila don su sami rabo. Dokar 2010 ta cire tallafin. Kuɗin a hedikwata yake tsayawa, ban taɓa jin wakilin akwati a Sandamu ko Dutsi da ya ce ya gan shi ba.

Tsarin Faransa ya fi kama hankalina, saboda daga littafin lissafi ya fara. Dole ɗan takara ya naɗa mutum guda mai riƙe kuɗi, da asusu guda da komai zai bi ta ciki. Bayan zaɓe wata hukuma ta daban ta binciki lissafin, in ya tsallake kuma ɗan takarar ya sami aƙalla kashi 5 cikin 100 na ƙuri'u, sai a mayar masa da abin da ya kashe har zuwa kashi 47.5 na iyakar. Wanda lissafinsa ya faɗi ba ya samun ko sisi, yana iya rasa damar takara ma. Kenya kuma dokarta ta 2011 ta ware wa asusun jam'iyyu aƙalla kashi 0.3 na kuɗin shigar gwamnati.

Da za a tambaye ni, ba tsaba za a miƙa wa shugabannin jam'iyya ba. A biya abubuwan da ake iya ƙirgawa. Alawus ɗin wakilin akwati ya tafi kai tsaye asusunsa, tunda sunansa da hotonsa suna hannun INEC: rumfa 6,652 a kan dubu 10, naira miliyan 66 da dubu 520 ne ga jam'iyya ɗaya a duk Jihar Katsina, ga waɗanda suka kai wani kaso na ƙuri'u. A ba da lokacin rediyon gwamnati kyauta, daidai wa daida. A yanke wa kuɗin fom iyaka. A saukar da gudummawar mutum ɗaya ta koma wani kaso na iyakar kowace kujera. Rahoto ya zama wajibi a kan ɗan takara shi kansa, a liƙa kwafinsa a ofishin INEC na ƙaramar hukuma inda mai gidan mai da mai hayar kujeru za su karanta su ce wannan haka ne, wannan ba haka ba ne. Iyakar kuma a riƙa duba ta, domin a watannin kamfen ɗinmu hauhawar farashi ta haura kashi 21 cikin 100, miliyan 30 ta Fabrairun 2022 ba ita ce ta Maris 2023 ba.

Ga wanda zai riƙe irin wannan littafi nan gaba, akwai abu ɗaya da ya kusa ɓata mana aiki. Ƙananan takardun da na'urar POS ke fitarwa rubutunsu yana gogewa da zafi. Waɗanda muka tara a ambulan tun Janairu, da muka buɗe a watan Mayu bayan zafin bazara, da yawansu sun koma farare fat, sai da muka bi takardun banki muna gano su ɗaya-ɗaya. A yi musu fotokofi a ranar da aka karɓe su, a rubuta lambar layin littafi a bayan kowace, a ɗauki hoton kowane shafi da waya duk daren Juma'a, a ajiye kwafi ɗaya a wani gida daban.